Wa Ke Bayan Labulen Brabant?

A shekarar 1721 wani hoton zambo ya bayyana a shagunan masu sayar da zane na birnin Landan, irin wanda ake sassaƙawa a kan farantin jan ƙarfe, a shafe shi da tawada, a danne shi a takarda, a buga ɗaruruwa. Abin da ya fi cin wuri a hoton shi ne wani labule na tsaye, mai ƙyaure-ƙyaure da ake naɗewa, irin wanda masu hali ke girkewa a tsakar ɗaki don tare iska ko idon baƙo. A gefensa ga wani mutum tsaye cikin kayan tafiya. Daga bayan labulen kuma wata mace ce ke miƙo masa takardu. Sunan da aka raɗa wa hoton shi ne Labulen Brabant.

Brabant dai ba a Ingila take ba. Yanki ne a ƙasar da yau muke kira Beljiyam, inda biranen Brussels da Antwerp suke. To me ya haɗa ta da zambon mutanen Landan? Wane ne matafiyin, ina za shi cikin gaggawa haka? Wace ce matar, kuma me take ɓoyewa?

Matafiyin ya fi sauƙin ganewa. Robert Knight ke nan, ma'ajin kamfanin South Sea, mutumin da duk wata shiga da fitar kuɗin kamfanin ke bi ta hannunsa. Amma kafin a fahimci abin da ya sa ma'aji zai ɗaura kayan tafiya da dare, sai an san irin kamfanin da yake yi wa aiki.

An kafa shi a 1711, a lokacin da yaƙe-yaƙe da Faransa suka bar gwamnatin Ingila da bashi har iya wuya. Robert Harley, wanda ke riƙe da baitulmali, da wani ɗan kasuwa mai kaifin lissafi, John Blunt, suka tsara cewa masu bin gwamnati bashin kusan fam miliyan tara da rabi su karɓi hannun jarin sabon kamfani a madadin takardun bashinsu. Gwamnati za ta riƙa biyan kamfanin ruwa duk shekara, ta kuma ba shi, shi kaɗai, ikon ciniki da Kudancin Amurka. Sai dai Kudancin Amurka na hannun Sifaniya, kuma abin da Sifaniya ta yarda da shi a sulhun Utrecht na 1713 bai kai abin da aka yi ta kururutawa ba: jirgin haja guda ɗaya a shekara, da kwangilar kai bayi 4,800 daga Afirka kowace shekara har tsawon shekara talatin. Wannan shi ne ainihin hajar kamfanin, mutane da aka ɗebo daga gaɓar Afirka, har da tashoshin da ke Ghana da Benin na yau. Na duba wannan batu da nauyi a zuciya, domin zane-zanen da suka fi shahara na wancan zamani sun cika da kukan Turawan da suka yi asarar kuɗi, amma waɗanda aka ɗaure a cikin jiragen kamfanin ba su samu ko kusurwar takarda ba.

Cinikin bai kawo wata riba ta a-zo-a-gani ba. Saboda haka a farkon 1720 Blunt ya zo da dabara ta biyu, wadda ta ninka ta farko. Kamfanin zai haɗiye bashin gwamnati na kimanin fam miliyan 31, kuma zai biya gwamnati har fam miliyan bakwai da rabi saboda a ba shi wannan dama a hana Bankin Ingila, wanda shi ma ya yi tayi. Mai hankali zai tambaya: wa ke biyan miliyoyi don a ɗora masa bashi? Sirrin yana cikin lissafi. A kan kowane fam 100 na bashi da kamfanin ya karɓa, doka ta ba shi izinin ƙirƙirar hannun jari guda mai darajar fam 100 a rubuce. Amma dokar ba ta ƙayyade farashin da za a yi musayar ba. Idan hannun jari ya kai fam 300 a kasuwa, mai bin bashin fam 300 hannu ɗaya kawai za a ba shi, sauran biyun su zama na kamfani, ya sayar ya zuba a aljihu. Ribar duka ta rataya ne a kan farashi ya yi ta hawa. Wasu 'yan majalisa sun hango haka, sun nemi a ƙayyade farashin musaya a cikin dokar, aka kayar da su a ƙuri'a. A riƙe wannan ƙuri'ar a zuci, za mu dawo kanta.

Farashi kuwa ya hau. A Janairu yana fam 128, a Maris ya kai 330, ƙarshen Mayu 550, a tsakiyar shekara ya taɓa 1,000. Kamfanin na sayar da sabbin hannaye a biya kaɗan-kaɗan, wani zubin kashi goma cikin ɗari kawai za ka ajiye, sannan yana ranta wa mutane kuɗi don su ƙara sayen hannun jarinsa. A wani ɗan lungu da ake kira Exchange Alley, a gidajen shan gahawa na Jonathan da na Garraway, sarakai da limaman coci da zawarawa da barori suka riƙa gogayyar kafaɗa. Ƙananan kamfanoni barkatai suka tsiro kamar ciyawar damina, kowanne da alkawarinsa. Shugabannin South Sea suka ga waɗannan na janye musu kuɗin jama'a, suka sa aka yi dokar hana su a watan Yuni, a Agusta kuma aka shigar da ƙarar guda huɗu. Wannan ya zama musu ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Waɗanda suka yi asara a can suka ruga sayar da na South Sea don biyan bashi. Kafin ƙarshen Satumba farashi ya faɗo ƙasa da 200, bankin da ke riƙe wa kamfanin kuɗi, Sword Blade, ya rufe ƙofa, zuwa Disamba kuma an koma inda aka fara.

Hoton da duniya ta fi sani a kan wannan annoba na William Hogarth ne, saurayi a lokacin, wanda ya san ɗacin bashi tun yana yaro, don mahaifinsa ya yi shekaru a kurkukun Fleet bayan gidan gahawarsa ya karye. A tsakiyar hoton ga lilo mai juyawa, bunsuru a ƙololuwarsa, karuwa da limamin coci da mai goge takalma da wani basarake duk sun hau dokin katako suna zagayawa. A hagu Shaiɗan na datsa jikin Sa'a yana jefa wa taron jama'a tsoka-tsoka. A ƙasa an miƙe Gaskiya tsirara a kan wili, Son Kai na kakkarya ta da kulki, can kuma Mugunta na tsula wa Mutunci bulala. Malaman addini uku sun tsuguna suna caca. Sana'a tana yashe a kusurwa, ba mai kallonta. Har hasumiyar tunawa da gobarar Landan ta 1666 ya zana, ya sauya rubutun jikinta ya ce tunawa ce da halakar birnin a hannun South Sea a 1720.

Hoto ne mai ƙarfi, kuma ba ƙarya a cikinsa. Sai dai laifin ya raba shi ne ga kowa, ga kwaɗayin ɗan Adam gaba ɗaya, kuma laifin da aka raba wa kowa ba a kama kowa da shi. Mai zanen labule tambaya daban ya yi: wa ya buɗe ƙofa tun farko?

Majalisar wakilai ma ita ta yi wannan tambayar. A Janairun 1721 ta kafa kwamitin sirri na mutum 13 ƙarƙashin Thomas Brodrick, suka tare a ofishin kamfanin suna bin littattafai shafi-shafi. Abin da suka tarar ya ɗaure musu kai. An yage wasu shafuka, an kankare wasu wurare, an bar gurabe babu suna. A littafin kuɗi kuma ga lissafin hannun jari na fam 574,500 a rubutacciyar daraja, wanda aka ce an sayar a kan sama da fam miliyan ɗaya da kwata, a makonnin da majalisa ke muhawara kan dokar. Matsalar ita ce a lokacin kamfanin bai da waɗannan hannayen da zai sayar, dokar da za ta haife su ba ta wuce ba tukuna. Kuma babu ko sisi da masu sayen suka biya. Da aka matsa a kawo sunayensu, sai aka kawo jerin da galibinsa na ƙarya ne.

A nan ne bakin zaren ya fito. Ana rubuta wa babban mutum cewa ya sayi hannun jari a farashin yau, ba tare da ya ajiye komai ba. Idan doka ta wuce, farashi ya tashi, sai a rubuta cewa ya sayar wa kamfani, a ƙirga masa bambancin a hannu. Idan dokar ta faɗi, ba ya samun komai. Toshiya ce da ke mayar da mai karɓarta abokin tarayya, wanda zai yi tsayuwar daka a kan kada a ƙayyade farashin musaya. Dalilin waccan ƙuri'a ke nan.

Saura sunayen gaskiya. John Blunt, da ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ya buɗe baki. Ya ce Knight ne ke riƙe da lissafin wannan rabo a wani keɓaɓɓen littafi mai koren bango, wanda ba ya barin kowa ya taɓa. Kwamiti ya titsiye Knight da tambayoyi. A ƙarshen wannan makon, kafin a sake zama, ya sulale daga Landan tare da ɗansa, ya ƙetare ruwa zuwa Calais, koren littafin kuma ya yi ɓatan dabo, ba a sake ganinsa ba har yau. Da labari ya iso majalisa aka kulle ƙofofi aka ajiye makullai a kan tebur, aka kori daraktocin kamfanin da ke da kujera, aka sa ladan fam 2,000 ga wanda ya kamo shi. Kayan tafiyar da ke jikin mutumin hoton nan ke nan.

Duk da babu littafin, rahoton farko da kwamitin ya karanta a Fabrairu ya ambaci sunaye, bisa shaidar Blunt da ragowar takardu. Akwai Earl na Sunderland, shugaban baitulmali, da hannun jari na fam 50,000. Akwai James Craggs babba, shugaban gidan waya. Akwai Charles Stanhope, sakataren baitulmali. John Aislabie, ministan kuɗi, nasa lissafin daban ne, kuma ya riga ya ƙona littafin da ke tsakaninsa da dillalinsa. Sai kuma mata: Duchess ta Kendal, fam 10,000, Countess ta Platen, fam 10,000, da wasu 'yan mata biyu da ake cewa 'ya'yan 'yar'uwar Duchess ne, alhali kowa a fada ya san 'ya'yanta ne da sarki.

Duchess ta Kendal ce matar da ke miƙo takardu a hoton. Sunanta na yanka Melusine von der Schulenburg, Bajamushiya ce da ta biyo Sarki George na Ɗaya daga Hanover, ta zauna tare da shi shekara da shekaru a matsayin farkarsa, tana da ɗakuna a fada da kunnen sarki. Shi kansa sarkin tun 1718 shi ne gwamnan kamfanin. Saboda haka duk wanda ya tsaya a bakin shago ya ga hannun Duchess na fitowa daga bayan labule, ya san wanda ake nufin yana tsaye a bayanta, ba sai an zana shi ba. Zana shi kuwa na iya kai mutum kurkuku.

Daga nan sai mace-mace da ƙuri'u suka biyo juna. Earl Stanhope, babban minista (ba Charles Stanhope ba), ya faɗi bayan wata zazzafar muhawara a majalisar dattawa, ya rasu washegari. Craggs ƙarami, sakataren gwamnati, agana ta kashe shi a ranar da aka karanta rahoton. Mahaifinsa ya mutu a Maris ana gobe zai bayyana gaban majalisa, kuma an yi ta cewa maganin barci ya sha fiye da kima.

Shari'ar Charles Stanhope ita ta fi nuna yadda abin ya gudana. A littattafan Sword Blade an ga lissafin hannun jari na fam 50,000 da ya haifar da ribar fam 250,000, da sunan wani wai shi Stangape. Babu mai wannan suna a Landan. Da aka ƙura wa shafin ido, sai ga alamar wuƙar kankara da sabuwar tawada a kan haruffa biyu: Stanhope ne aka gyara. Shaida ce da ko makaho zai shafa ya ji. Amma majalisa ta wanke shi da ƙuri'a 180 a kan 177. Aislabie aka bari ya sha ruwan, aka kore shi, aka kai shi kurkukun Hasumiyar Landan, jama'a suka kunna wutar murna a tituna. Bayan an sake shi ya koma gidansa na Studley Royal a Yorkshire ya ƙarasa rayuwarsa yana tsara lambuna da tafkuna waɗanda har yau ake zuwa kallo. Sunderland kuwa ya tsira da 233 a kan 172. Hujjar masu kare shi guda ce: duk abin da Blunt ya faɗa ji ya yi daga bakin Knight, kuma Knight ba ya nan.

To ina yake? Nan Brabant ta shigo. Wani ƙaramin jami'in ofishin jakadancin Ingila a Brussels ya ɗauki sanarwar kamun da gaske, ya nemi mahaya, ya bi sawun Knight ya cim masa a Tirlemont, saura ƙiris ya fice daga yankin. Aka kulle shi a ganuwar Antwerp. Brabant a lokacin tana ƙarƙashin Charles na Shida, sarkin Ostiriya, abokin ƙawancen Ingila, don haka kowa ya ɗauka mako biyu ya isa a dawo da shi. Majalisa ta roƙi Sarki George ya rubuta, ya kuwa rubuta. Amsa ta zo cewa akwai wata tsohuwar yarjejeniya ta 1356 tsakanin mutanen Brabant da masu mulkinsu, wadda ta hana fitar da wanda aka kama a ƙasar zuwa wata ƙasa don shari'a, kuma dattawan yankin sun ƙi a taɓa ta. 'Yan majalisa suka fusata, aka sake rubutawa, aka sake kawo amsa iri ɗaya. Mai zanen bai yarda cewa takardar da ta shekara 365 ce ta fi ƙarfin manyan sarakuna biyu ba. A ganinsa Brabant ɗin ce labulen.

Zato yake yi, ba shi da wata takarda a hannu. Takardun sun fito ne bayan fiye da ƙarni biyu, lokacin da masana tarihi, musamman John Carswell wanda littafinsa kan wannan badaƙala ya fito a 1960 aka sabunta shi a 1993, suka bi wasiƙun jakadu na wancan lokaci. Saƙo biyu ke fita daga Landan. Na fili, wanda ake karanta wa majalisa, yana neman a miƙo Knight. Na ɓoye kuma yana roƙon fadar Vienna kada ta kuskura ta miƙo shi. Tsohuwar yarjejeniyar ta zo daidai da bukata, aka rungume ta. Kafin shekarar ta ƙare, bayan majalisa ta tashi hutu, aka fito da Knight daga ganuwar Antwerp a asirce, aka yi masa rakiya zuwa dajin Ardennes aka sake shi, aka kuma fasa rami a bangon ɗakinsa don a ce gudu ya yi. Ya wuce Paris ya buɗe harkar banki.

Saura mutum ɗaya, wanda ke riƙe da labulen a cikin majalisa. Robert Walpole ba ya cikin gwamnati lokacin da aka ƙulla cinikin, sunansa kuma bai fito a rabon ba, wannan ya sa ya iya tsayawa ya yi magana. Shi ya bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya a shari'ar Stanhope da ta Sunderland, yana tuna musu cewa idan gwamnati ta faɗi, 'yan adawar Tory ne za su hau. Jaridu irin su London Journal suka yi masa caa, mutanen gari suka laƙaba masa sarautar babban mai riƙe da labule, sunan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. A Afrilun 1721 ya zama shugaban baitulmali kuma ministan kuɗi, ya riƙe mulki shekara 21, shi ne ake ƙirgawa firaministan Birtaniya na farko.

Dole a yi masa adalci a kan dalilinsa. Gidan Hanover shekara bakwai kacal ya yi a gadon sarauta. An yi tawayen magoya bayan gidan Stuart a 1715, mai da'awar sarautar na zaune a Roma, an ma haifa masa magaji a Disambar 1720. Da an karanta koren littafin a bainar jama'a, babu mai tabbacin sarautar za ta kai labari. Walpole ya kuma kwantar da kasuwa: an yafe wa kamfanin mafi yawan kuɗin da ya yi wa gwamnati alkawari, waɗanda suka ci rance aka ce su biya kashi goma cikin ɗari, aka ƙwace dukiyar daraktoci ta kimanin fam miliyan biyu aka raba wa masu hannun jari. Kakan masanin tarihi Edward Gibbon yana cikinsu, daga fam 106,000 aka bar masa 10,000. Amma ni dai ban ga yadda wannan ya wanke abin da aka yi ba. An hukunta waɗanda suka ba da toshiya, har ba a ba su damar ɗaukar lauya ba, aka kuma yi amfani da hatimin sarki wajen ɓoye mafi girman waɗanda suka karɓa. Zawarawa da tsofaffin da suka miƙa takardun fanshonsu a farashin da waccan ƙuri'a ta ba da dama, ba su taɓa sanin wa ya sayar da su ba. Kamfanin kansa bai mutu ba, ya ci gaba da jigilar bayi har yaƙi da Sifaniya ya tsayar da shi a 1739.

Knight ya yi shekara 21 a Faransa, daidai tsawon mulkin Walpole, manyan Ingila da ke yawon buɗe ido suna cin abinci a teburinsa. Duk roƙon da ya yi na komawa gida Walpole ya toshe shi. Walpole ya sauka a Fabrairun 1742, a cikin wannan shekarar kuma aka yi wa Knight afuwa. Sarki George na Ɗaya ya riga ya rasu tun 1727, Sunderland tun 1722, Blunt tun 1733, Duchess ta Kendal kuma ta tsufa, saura mata shekara guda a duniya. Knight ya dawo Ingila ya rasu a 1744 ba tare da wata kotu ko kwamiti ya sake yi masa tambaya ko ɗaya ba. Ɗan nan nasa da suka tsere tare ya zama ɗan majalisa, aka naɗa shi Lord Luxborough, daga baya kuma Earl na Catherlough.